Taga Biyu Masu Fuskantar Juna: Gini, Iska da Cututtukan Numfashi a Mubi

Tsakanin ƙarshen watan Afrilu da farkon watan Mayu na shekarar 2024, Gwamnatin Jihar Adamawa ta tabbatar, ta bakin Kwamishinan Lafiya Felix Tangwami, cewa mutum 42 sun rasu sakamakon ɓarkewar cutar ƙyanda a yankunan Mubi da Gombi, mafi yawansu yara, lamarin da ya kai ga dakatar da zuwa makaranta na ɗan lokaci da kuma gaggauta kai allurar riga-kafi cikin unguwanni da ƙauyuka. Kusan dukan bayanan da suka biyo bayan wannan musiba sun karkata ne ga batun riga-kafi, kuma hakan ya dace, domin ƙyanda cuta ce da allura biyu ke tsare yaro daga gare ta, ta farko yana wata tara, ta biyu yana wata goma sha biyar. Sai dai akwai wani ɓangare na al'amarin da bai samu kulawar da ta kamace shi ba, wato ɗakunan da yaran suka kwana a ciki, da azuzuwan da suka zauna, da wuraren jira na asibitoci inda mai ciwo da mai lafiya ke haɗa benci ɗaya, alhali a cikin iskar waɗannan wurare ne cutar ke tashi daga ƙirjin wannan ta faɗa ƙirjin wancan.

Fahimtar wannan batu tana farawa ne daga abin da ke fita daga baki da hancin ɗan Adam. Duk wanda ya yi numfashi, ko magana, ko tari, ko atishawa, ko ya ɗaga murya wajen karatu ko waƙa, yana fitar da feshin danshi daga huhu da maƙogwaro, kuma idan yana ɗauke da cuta, ƙwayoyinta na iya kasancewa a cikin wannan feshi. Manyan ɗigon feshin suna da nauyi, don haka sukan faɗi ƙasa cikin 'yan daƙiƙu a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, amma ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, ruwansu kan bushe nan take su zama ɓurɓushi marar nauyi da ke yawo a cikin ɗaki na mintuna ko na sa'o'i, kamar yadda ƙamshin turaren wuta ke zama a ɗakin da aka rufe bayan garwashin ya daɗe da mutuwa. Bairos ɗin ƙyanda, wato ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta kuma ba ta hayayyafa sai a cikin jikin mai rai, yana iya zama a iskar ɗaki har sa'o'i biyu bayan maras lafiya ya fita, kuma cikin mutum goma marasa riga-kafi da suka zauna kusa da shi, kimanin tara kan kamu. Abin da ya ƙara wahalar da lamarin shi ne yaro kan fara yaɗa cutar kwana huɗu kafin ƙuraje su bayyana a jikinsa, lokacin da iyaye da malamai ke ɗaukar abin a matsayin mura da zazzaɓi kawai. Ƙarambau da mura da korona duk suna bin wannan hanya, haka kuma tarin fuka, wanda bakteriya ce ke haddasa shi, wanda kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi, inda kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa a kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ilimin wannan al'amari ya girmi korona da shekaru masu yawa. A shekarar 1934 wani injiniya ɗan Amurka mai suna William Wells ya bayyana yadda ƙananan ɗigo ke bushewa su rataya a iska, sannan a shekarun 1950 shi da almajirinsa Richard Riley suka tsara wani gwaji a wani asibiti da ke birnin Baltimore, inda aka riƙa zuƙo iskar ɗakin masu tarin fuka ana bi da ita ta kejin ɓerayen Masar da aka ajiye a saman ginin, dabbobin kuwa suka kamu da cutar ba tare da sun taɓa kusantar wani majinyaci ba. Duk da wannan hujja, likitancin duniya ya daɗe yana fifita wanke hannu da goge teburi da ba da tazara a kan batun iska, har sai da masana 239, ƙarƙashin jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yulin 2020 suna neman ta amince cewa korona na yaɗuwa ta iskar ɗaki, abin da hukumar ba ta faɗa a sarari ba sai a shekarar 2021. Wannan jinkiri ya yi tasiri har a garuruwa irin su Mubi, inda aka samu mutum na farko da aka tabbatar yana da korona a Jihar Adamawa a watan Afrilun 2020 bayan dawowarsa daga Kano, domin saƙon da ya fi isa ga jama'a shi ne na bokitin ruwa da sabulu a ƙofar shago da ofis. Wannan saƙo yana da amfaninsa, musamman ga garin da ya sha fama da annobar kwalara a shekarar 2018, amma kwalara ta ruwa da abinci take bi, kuma sabulu ba shi da abin da zai yi wa iskar da mutum sittin ke shaƙa tare a ɗaki ɗaya.

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, kogin Yadzaram ya ratsa ta, kuma tun zamanin da take hedikwatar Lardin Sardauna, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigar da yankin cikin Najeriya, gari ne na haɗuwar jama'a: Fali da Gude da Margi da Higi da Fulani da Hausawa, fatake masu zuwa kasuwar shanu daga Kamaru da Cadi, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya. Bayan Boko Haram ta mamaye garin a ƙarshen Oktoban 2014, aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba na shekarar, jama'a sun dawo sannu a hankali, kuma tare da su akwai iyalai daga yankunan Michika da Madagali da kudancin Borno waɗanda suka raɓu da 'yan'uwa ko suka kama haya, ta yadda ɗakin da aka gina don mutum uku ya koma makwancin mutum bakwai ko takwas. Cunkoso irin wannan shi ne rabin matsalar, domin yawan iskar da ɗaki ke bukata ya dogara ne ga yawan huhun da ke numfashi a cikinsa, kuma girman ɗakin ba ya ƙaruwa don an ƙaru a ciki.

Sauran rabin yana cikin kalandar shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas da sanyi da ƙura, sai jama'a su rufe duk wata kafa. A wannan lokacin ne kuma, bayan an gama girbi, mutanen karkara ke kwararowa birni cin rani. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a shekarar 2011, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam na hasken fitilun dare a biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya nuna cewa hauhawar ƙyanda a kowace shekara tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙaruwar jama'a a cikin birni lokacin rani, tana kuma sauka idan damina ta mayar da manoma gona. Sanƙarau ma, wanda ke bin kusanci da feshin maƙogwaro, a rani yake tashi a faɗin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma Arewacin Najeriya bai manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 ta kuma kashe fiye da 11,000. Ke nan lokacin da cututtukan suka fi ƙarfi shi ne lokacin da ɗakuna suka fi cika, shi ne kuma lokacin da tagogi suka fi zama a rufe.

Abin da ake nufi da wadatar iska a gini shi ne yawan iskar waje da ke shiga ta maye gurbin wadda aka riga aka shaƙa, kuma ana auna ta ta hanya biyu: ko dai a ƙidaya sau nawa iskar ɗakin gaba ɗaya ke sauyawa cikin sa'a guda, ko a lissafa lita nawa ta sabuwar iska ke isa ga kowane mutum a cikin daƙiƙa ɗaya. A jagorar da ta fitar a watan Maris na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum a makarantu da ofisoshi da wuraren ibada, lita 60 ga kowane majinyaci a ɗakin kwantar da marasa lafiya na yau da kullum, da lita 160 a ɗakin da ake gudanar da ayyukan da ke tayar da feshi mai yawa. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka kuwa, a shekarar 2023, ta ba da shawarar a riƙa sauya iskar ɗaki aƙalla sau biyar a sa'a. Bambancin waɗannan ma'aunai biyu yana da muhimmanci ƙwarai ga gari irin Mubi, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna dalili. Ajin da tsawonsa ya kai mita 8, faɗinsa mita 7, tsayinsa mita 3, yana ɗauke da iska lita 168,000. Idan yara 60 ne a ciki, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare, to ajin na bukatar lita 600 a kowace daƙiƙa, wato sai iskarsa ta sauya baki ɗaya cikin ƙasa da minti biyar, kusan sau 13 a sa'a. Da za a ɗauki ma'aunin sau biyar a sa'a a ɗora wa wannan aji, kowane yaro zai samu ƙasa da lita huɗu, bai kai rabin abin da yake bukata ba, domin an tsara wancan ma'auni ne da tunanin ɗakunan da ba su cika irin wannan cikar ba.

Lita 600 a daƙiƙa na iya zama kamar abin da sai injina za su iya bayarwa, amma jagorar ta 2021 ta kawo wata ƙa'idar ƙiyasi da ta nuna akasin haka, kuma ita ce mafi amfani ga magini da mai gida. Idan ɗaki yana da kafofi a bango biyu masu fuskantar juna, ta yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can, ana ninka gudun iskar waje da girman ƙaramar kafar, sannan da 0.65, idan kuwa kafofin duk a bango ɗaya suke, da 0.05 ake ninkawa. A aikace, iska mai laushi da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, idan ta samu kafa mai murabba'in mita ɗaya a kowane gefe, za ta ratsa da kimanin lita 650 a daƙiƙa, abin da ya ishi wancan aji na yara 60, amma kafa mai wannan girman a bango ɗaya tak ba za ta ba da fiye da lita 50 ba. Bambancin ninki 13 ne, kuma ba kuɗin siminti ko na ƙarfe ne ya kawo shi ba, wurin da aka huda bangon ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru ya tabbatar da ƙarfin wannan hanya, inda aka ga buɗe ƙofofi da tagogi na sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a sa'a, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake nema daga ɗakunan keɓewa masu injin zuƙar iska, sannan tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, yayin da sababbi suka tsaya a 17.

Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka shiga unguwanni irin su Lokuwa da Sabon Layi da Yelwa da Kolere, ko kowace unguwa mai cunkoso a biranen Arewa, nau'in ginin da ya fi yawa a gidajen haya da makwancin ɗalibai shi ne ɗakuna a jere, bango ɗaya na haɗa kowane biyu, bangon baya ya jingina da katangar maƙwabci ko ya zama shi ne katangar, don haka ƙofa da taga duk suna fuskantar tsakar gida ta gefe ɗaya. Tagar kanta sau da yawa ƙarama ce, an sa mata ƙarfen tsaro, an ɗaura ragar sauro da ƙura ta toshe idanunta, an rataya labule mai kauri, kuma da hunturu ya kama sai a cusa kwali ko tsumma a duk wata tsaga. Da dare a ja ƙofar ƙarfe a sa sakata, uwa da yara biyar su kwana har asuba, wani lokacin da kaskon garwashi a gefe. Rufin kwano ne a kan bulon siminti, an kuma liƙe saman bango da silin ta yadda iska mai ɗumi da ta tashi sama ba ta da mafita. Ginin gargajiya na wannan yanki, ɗakin laka mai jinka, yana da nasa aibin na hayaƙi da sauro, haka ma soron Hausa mai ƙananan tagogi, amma jinka tana numfashi ta ratar da ke tsakaninta da bango, kuma rayuwar gidan gargajiya galibi a tsakar gida da zaure da inuwar bishiya ake yin ta, ɗaki na kwana ne da ajiya. Abin da ya sauya shi ne zaman da ya koma cikin ɗaki, gaban talabijin da waya, a cikin ginin da ya fi na da toshewa.

Wani sauyi da ba a cika lura da shi ba shi ne na tagar kanta. Tagar gilashi mai faifai-faifai da magina ke kira luba tana buɗe kusan dukan faɗin kafar, ana kuma iya karkata ta yadda za ta tare ruwan sama da idon mai wucewa ba tare da ta tare iska ba, amma yanzu an fi sha'awar tagar alminiyam mai zamewa, wadda komai aka yi ba ta buɗe fiye da rabi, domin gilashi ɗaya a bayan ɗaya yake ɓuya. Masallatai da majami'u da dama da aka sabunta sun bi wannan salo, an rufe su da gilashi an sa na'urar sanyaya ɗaki, alhali na'urar da ake mannawa a bango ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan, iskar cikin ɗakin take zuƙa ta sanyaya ta mayar, kuma ranar da aka ɗauke wuta jama'a na zaune ne a cikin rufaffen wuri mai rabin taga. Fankar sama ma gauraya iska take yi, ba ta sauya ta, sai in akwai kafa a buɗe. Gidajen kallon ƙwallo, waɗanda ake yi da kwano ana toshe duk wata kafar haske don allo ya fito sosai, matasa su cika su suna ihu na sa'o'i biyu, sun haɗa dukan sharuɗɗan yaɗuwar cuta a wuri ɗaya, domin ɗaga murya na ninka feshin da ke fita daga ƙirji. Misalin da masana suka fi ambata a kan haka shi ne na wata ƙungiyar mawaƙa a jihar Washington ta Amurka, inda mutum 61 suka yi atisayen sa'o'i biyu da rabi a watan Maris na 2020, fiye da 50 suka kamu da korona, biyu suka rasu.

Ba adalci ba ne a ɗora wa jama'a laifin rufe taga, domin kowace rufewa tana da dalilinta: sanyi, ƙura, sauro, ɓarayi, sirrin iyali, da kuma tsoron da shekarun rashin tsaro suka bari a zukatan mutanen da suka ga abin da Mubi ta gani. Shawarar da ta tsaya a kan "a buɗe taga" ba tare da ta amsa waɗannan dalilai ba, ba za ta wuce ranar da aka ba da ita ba. Ƙurar hunturu kuwa ba ƙaramin abu ba ce, don bushewar iska da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da ake dangantawa da tashin sanƙarau, kuma mai asma na shan wahala da ita. Amsar tana cikin tsarin ginin. Kafar da aka bari can sama kusa da rufi, da bulo mai huda ko ƙaramar taga a saman ƙofa, ba ta ba ɓarawo hanya, ba ta tona sirrin ɗaki, ba ta kuma hura sanyi kai tsaye a kan mai barci, amma tana fitar da iska mai ɗumi da numfashi ya gurɓata, wadda dama sama take tashi. A daren sanyi ma ta fi aiki, domin bambancin zafin ciki da na waje shi ke tura iskar. Ragar sauro tana rage iskar da ke ratsawa da kusan rabi, don haka maganin shi ne a faɗaɗa kafar a kuma riƙa wanke ragar. Binciken da aka gudanar a gidajen gwaji a ƙauyukan Gambiya ya nuna cewa ɗaki mai rufin kwano da aka sa wa tagogi masu raga a bango biyu yana rage zafi yana kuma rage shigar sauro, domin sauro na bin sawun iskar da mutane ke fitarwa ne, kuma ɗakin da iska ke ratsawa ba ya tara ta. Wannan na nufin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da yaƙi da cututtukan numfashi ba su saɓa wa juna ba idan an yi ginin da lura.

Asibiti ne wurin da kuskure ya fi tsada, domin a nan masu cuta ke taruwa da masu raunin garkuwar jiki. A garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, tsakanin 2005 da 2006, an gano majinyata 53 ɗauke da nau'in tarin fuka da ya gagari kusan dukan magunguna, 52 daga cikinsu suka rasu, kuma alamu sun nuna da yawansu a cikin asibiti suka kamu. Darasin da aka ɗauka daga nan ya bayyana a asibitin Butaro na ƙasar Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, inda aka fitar da hanyoyin wucewa da wuraren jira zuwa baranda, aka ɗaga rufi, aka sa tagogi a sama da ƙasa. Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin asibiti ko ƙaramar cibiyar lafiya a Mubi ta Arewa ko Mubi ta Kudu: rumfa mai inuwa a waje maimakon dogon lungun jira, ma'aikaci a ƙofa da zai ware mai tari ko yaro mai zazzaɓi da jajayen idanu a duba shi da wuri, kada a zaunar da shi cikin layin jarirai masu jiran allura waɗanda ba su kai wata tara ba, da kuma zaunar da ma'aikacin lafiya ta gefen da iska ke shigowa, majinyaci ta gefen da take fita. Na'urorin tace iska da fitilun da ke kashe ƙwayoyin cuta da wani nau'in haske a saman ɗaki suna aiki, an kuma gwada su, amma suna bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa da gyara a kai a kai, don haka wurinsu shi ne ɗakin tiyata da ɗakin keɓewa, sauran ginin kuwa ya dogara da iskar da Allah ya hore. Fankar rufi mai juyawa da ƙarfin iska, wadda ba ta cin wuta, an yi amfani da ita a ƙananan asibitocin Afirka ta Kudu, kuma ta dace da rufin kwano.

A ɓangaren makarantu, misali mafi kusa da yanayin Mubi yana ƙauyen Gando na Burkina Faso, inda Francis Kéré ya kammala ginin makarantar firamare a 2001 da tubalin laka, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar rata a tsakani, ta yadda iska mai zafi ke fita ta sama, mai sanyi ke shigowa ta dogayen tagogi. Wannan magini ne ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker a 2022. Abin da ya sa misalin ya shafi Adamawa shi ne yawan azuzuwa da cibiyoyin lafiya da aka sake ginawa, ake kuma ci gaba da ginawa, a arewacin jihar tun bayan rikicin Boko Haram, ta hannun gwamnatoci da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da ƙungiyoyin agaji. Kowane aji da aka zuba wa linta yau zai tsaya shekara talatin ko arba'in, kuma yawan iskar da yaran cikinsa za su shaƙa a tsawon wannan lokaci an riga an yanke shi ranar da birkila ya ja layin tagogi. Ajin da ke da tagogi a bango biyu ma yakan rasa amfaninsu idan murfinsu na ƙarfe ne ko katako marar gilashi, domin da sanyin safiya malami ba shi da zaɓi tsakanin buɗewa gaba ɗaya da rufewa gaba ɗaya, sai ya rufe, yara su yi karatu da hasken ƙofa. Layin bulo mai huda a saman tagogin zai kawar da wannan tilas. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, kuma tsofaffi na tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida-gida, amma ƙa'ida ba ta aiki sai mai ba da izinin gini ya dubi zane ya tambayi ta ina iska za ta shiga, ta ina kuma za ta fita, tambayar da ta cancanci zama sharaɗi ga duk gidan haya da makaranta da wurin taro.

A cikin gida kuwa, al'adar da ta fi bukatar gyara ita ce ta killace yaro mai ƙyanda a ɗaki a rufe ko'ina a lulluɓe shi, don gudun kada iska ta buge shi, alhali ƙannensa na shiga suna fita, maƙwabta na zuwa dubiya da goyo a baya. Keɓe shi daidai ne, amma a ɗakin da tagarsa ke buɗe zuwa waje, ko a rumfa da rana, mutum ɗaya mai riga-kafi na jinyarsa, a kuma hanzarta kai shi asibiti, domin ciwon huhu da gudawa da ke biyo bayan ƙyanda su ne ke kisa. Wajibi ne a faɗi iyakar abin a fili: ƙyanda ta fi ƙarfin taga, saurin yaɗuwarta ya kai matsayin da sai kimanin kashi 95 cikin 100 na yara sun samu allura biyu kafin ta daina zagayawa a gari, kuma babu wani tsarin gini da zai maye gurbin wannan. Abin da iska ke yi shi ne rage yawan ƙwayoyin da ake shaƙa, ta rage adadin waɗanda mutum ɗaya zai harba, kuma amfaninta ya fi bayyana a cututtukan da ba su da riga-kafi mai ƙarfi, irin su tarin fuka a jikin manya, da mura, da duk wata sabuwar cuta da za ta ɓullo kafin a samar mata allura. Ita ce kuma ke fitar da hayaƙin icce da gawayi da na janareta, wanda ke hallaka iyalai cikin barci idan an kunna shi a lungu ko kusa da taga.

Hanya mafi sauƙi ta sanin halin da ɗaki yake ciki ita ce auna iskar kabon dayoksaid, wato iskar da jiki ke fitarwa a kowane numfashi. A waje yawanta kimanin kashi 420 ne cikin miliyan, a numfashin da mutum ya fitar kuwa ya kai kusan 40,000, don haka duk abin da ya ƙaru a cikin ɗakin da ba a kunna wuta ba daga ƙirjin mutane ya fito. Idan na'ura ta nuna 800, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ake shaƙa ya riga ya shiga huhun wani. Idan ta nuna 2,400, ya kai ɗaya cikin ashirin. A wata jami'a a Taiwan, inda tarin fuka ya ɓarke a azuzuwan ƙarƙashin ƙasa da ma'auninsu ya haura 3,000, gyaran hanyoyin iska da ya sauko da shi zuwa kimanin 600 ya kusa tsayar da sababbin kamuwa baki ɗaya. Na'urar awon ba ta fi tafin hannu ba, da batir take aiki, kuma garin da ke da kwalejin da ake koyar da fasahar gini, da jami'a, da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, yana da ɗaliban da za su iya zagaya azuzuwa da ɗakunan jira da makwancin ɗalibai da ita a matsayin aikin kammala karatu, su miƙa sakamakon ga ƙananan hukumomin Mubi biyu da hukumar ilimi. Awon da zai yi amfani shi ne wanda aka ɗauka a watan Janairu da safe, bayan yara sun yi sa'a guda a aji, tagogi na yadda malami ya saba barinsu, sannan a maimaita shi a ɗakin a watan Afrilu da kuma tsakiyar damina, a rubuta yawan mutanen da ke ciki da girman kowace kafa da bangon da take, domin da waɗannan alƙaluma ne za a san ɗakunan da buɗe taga ya ishe su da waɗanda sai an fasa bango.